Wane Maciji Za Ka Ba Sabon Shiga?

Ka tambaye ni, wai wani ɗalibi a Samaru yana son ajiye maciji a ɗakinsa, bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, wanne za ka samo masa mai sanyin hali. Har ka ƙara da cewa kana tunanin kasa, tunda ita kullum a kwance take.

Kasa! Yaro, da a gaban mahaifina ka faɗi wannan magana, da ranar ka bar gidan nan. Kwanciyar kasa ba haƙuri ba ne, kwanton ɓauna ne. Haka take farauta, ta lafe cikin ganye sai ɓera ya zo gabanta, kuma kafin ka ƙifta ido ta yi sara. Dafinta kumbura ƙafa yake yi ya ruɓar da nama, wani sai an yanke. Duk mai dafi ka cire shi daga lissafi: kasa, kumurci mai tofi a ido, gamsheƙa, uwa uba kububuwa, wadda da ƙyar take wuce kamu ɗaya amma in ta sari mutum jininsa ba ya daskarewa, sai ya yi ta zuba ta dasashi. A nan Zariya wani likita ɗan Ingila, David Warrell, ya yi bincike kan saranta a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, kuma har gobe asibitin Kaltungo a jihar Gombe ba ya rabuwa da waɗanda ta sara. Kar kuma wani ya ruɗe ka da cewa an cire fiƙa. Fiƙar maciji tsirowa take yi, akwai wasu a bayanta suna jira. Ni da na gaji sana'ar macizan nan nake gaya maka, ko me ka sha, in mai dafi ya sare ka asibiti za ka nufa.

Babbar mesa ba ta da dafi, amma ita ma ba ta sabon shiga ba ce. Tana ƙarama tana da faɗa, in ta girma tana iya wuce mita 4, mutum ɗaya ba ya iya mata.

Abin da za ka nemo masa ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda dillalan Legas ke ce wa bol faitan. Mai zanen baƙi da ruwan zuma, gajeriya mai kauri, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Ba dafi, kuma in ta tsorata ba sara take kaiwa ba, sai ta naɗe kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya ta yi shiru. Wannan halin ne ya sa ake kwasarta daga Gana da Togo da Jamhuriyar Binin ana kai wa Turawa, kuma ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannu. Ta daji tana zuwa da kaska a ƙarƙashin ɓawo da tsutsa a ciki, kuma tana iya ƙin ci har ta rame a gabanka.

Macijin gida mai ruwan ƙasa, mai cin ɓera, shi ma ba dafi kuma yana sabo da hannu. Sai dai kai ban yarda ka kamo shi ba tukuna, don akwai wani ɗan baƙi mai shiga rami da ke kama da shi a idon wanda bai goge ba. Wannan ko a bayan kai ka riƙe shi, ta gefen baki yake fiddo fiƙa ya soke ka a yatsa. Jan macijin nan na Amurka kuwa da kuke gani a TikTok, gaskiya ne yana da sauƙin kai, amma ina za ka same shi a Sabon Gari, kuma da wane kuɗi?

Maganar akwati da murfi da kaskon ruwa ba zan ɓata yawu a kanta ba, wannan ko ɗan tallan gyaɗa ya sani. Abin da ya sa ma na zauna nake amsa maka, maimakon in ce je ka wanke akwatuna, tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki ne.

Na taɓa mallakar irin wannan mesar, mace. Tana 'yar ƙarama ta zo hannuna, ba ta kai tsawon damtsena ba. Ni na raine ta har ta riƙa. Daga bakin awartaki take karɓar ɓera, ba ta taɓa buɗe wa kowa baki ba, yaran gidan nan a hannunsu ta girma. Har ƙwai ta yi mini, ta naɗe a kansu wajen wata biyu ba ci, suka fashe. Ka zaga garin nan ka tambayi masu sana'ar, ka ji wa ya taɓa yin haka a bushewar Zariya.

Sai ga wani mutum da babbar mota da babbar riga, wai ɗansa na karatun dabbobi, yana son ya saya masa. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya tafi, ya turo mini wani dattijo da nake jin kunyarsa, wanda ba zan iya kallon idonsa in ce a'a ba. Aka yi ciniki, ya ba da kashi ɗaya cikin uku, sauran sai ƙarshen wata. A gaban dattijon nan na gaya masa, na kuma maimaita: hunturu na tafe, za ta iya daina ci, haka halinsu yake, tana iya wata biyu ko uku ba ta ci ba kuma lafiyarta ƙalau. In ta ƙi, a ƙyale ta. Kada a taɓa barin ɓera mai rai a akwatinta a tafi. Ya ce ya ji, har da dafa ƙirji.

Hunturu ya shigo, ta daina ci. Maimakon ya aiko a tambaye ni, sai ya sa maigadinsa ya kamo gafiya, ƙatuwa, aka jefa mata da rai, aka rufe, aka tafi barci. Mesar da ba ta jin yunwa ba ta kisa. Dunƙulewa ta yi ta ɓoye kai, halin nan nata da ya sa ake sonta, gafiya kuwa ta kwana tana gagarar bayanta har ƙashi ya bayyana.

A buhun shinkafa aka dawo mini da ita. Bai ma zo da kansa ba, direba ya ajiye a zaure, da saƙon wai na sayar masa da dabba mai ciwo, in mayar masa da kuɗinsa. Ciwo! Ga shatin haƙori nan jere ko makaho ya shafa zai gane. Na ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi na Samaru, likitocin nan sun yi iya ƙoƙarinsu, suka wanke, suka yi allura, amma ɓarnar ta yi yawa. A hannuna ta ƙarasa.

Na je karɓar sauran kuɗina, maigadi ya ce ya yi tafiya, ga motarsa ina hange a ciki. Na koma, wai yana da baƙi. Daga baya na ji ashe babu wani ɗa mai karatun dabbobi, so yake ya riƙa nuna wa abokansa in sun zo, a ce gidan wane har mesa akwai. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya shiga majalisu yana cewa ni macuci ne, har wani da muka daɗe muna hulɗa ya janye. Dattijo ya ce in bar wa Allah. Na bari saboda girmansa, amma ko sisin abin da ya bayar ban mayar ba, kuma har yau in na wuce ta layin nan ba na ɗaga kai.

To shi ɗalibin naka, me zai yi da ita? Na san ku yaran yanzu. A rataya a wuya, a ɗauki hoto, a sa a waya, bayan wata guda an gaji. Wannan dabba tana shekara 20 zuwa 30. Shi da zai gama karatu ya tafi bautar ƙasa, wa zai bar wa? Mai gidan da yake haya ya sani? Abokan ɗakinsa fa, ranar da murfi ya goce suka ganta a bayan katifa, sanda za su ɗauko, ba za su tsaya tambaya ba.

Sannan dabba ce mai son ɗumi da laima, a ramin ɓera da suri take wuni. Sanyin asubar Disamba da Janairu a nan yana sa mata ciwon numfashi, ka ji tana yin fito ta hanci, majina na fita ta baki. Bushewar iska kuma ta hana ta saɓa da kyau, tsohuwar fata ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Dole a kifa mata tukunyar ƙasa da ɗan tsumma mai damshi a ciki, akwatin kuma a ɗaga shi daga siminti. In idonta ya yi fari-fari, saɓa za ta yi, a bar ta. Babba ɓera ɗaya ya ishe ta kwana 10 zuwa 14, matacce, wanda bai fi kaurin tsakiyar jikinta ba, kuma ba na guba ba. In ta ci, kwana biyu ba a taɓa ta, in ba haka ba ta amayar.

Kar ka yi masa alkawarin komai. Ka ce ya zo nan da ƙafarsa, ya yi wata guda yana wanke akwati yana kiwon ɓeraye tare da kai, ina kallon hannunsa. In ya jure, sai a yi maganar kuɗi, kuma lakadan.