Rikicin 'yan daba a finafinan Ingila, gaskiya ne?

Malam, ka tambaya ko faɗan ƙabilu da ƙananan finafinan 'yan daba na Ingila ke nunawa gaskiya ne. Akwai ƙamshin gaskiya. Tagwayen Kray, wasu shugabannin 'yan daba Turawan Ingila, sun addabi gabashin Landan har aka ɗaure su a 1969. Daga baya 'yan daban Jamaika da ake kira Yardie suka yi tashe a unguwar Brixton ta kudancin Landan da cinikin hodar iblis.

Amma ƙarancin kuɗin shirya fim ke tsara labarin: mashaya ɗaya, tsohon sito, motoci biyu, shi ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yi wa 'yan Jamaika kuɗin goro, alhali da yawansu tuƙin bas da aikin jinya suka je yi Ingila.