Tsohuwar Nissan 350Z da kuɗin shago: amsa ga wani ɗan Kwari

Wani ɗan kasuwa ya aiko mini da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shadda da yadin maza a Kantin Kwari, shekarata 33. Jarina yanzu ya kai kamar naira miliyan 24, har da bashin da nake bin mutane. Wani dillali ya nuna mini Nissan 350Z 'yar 2004, ja, mai kujera biyu, ta hannu, an bar mini ita miliyan bakwai. Tun ina yaro nake son irin motar nan. Dillalin ya ce irinsu ba sa faɗuwa, daraja ma suke ƙarawa, kuma zan iya ba 'yan biki da masu ɗaukar bidiyo haya ta riƙa ciyar da kanta. Ina da Corolla da nake hawa. Daga shago zan ciri kuɗin in mayar bayan Sallah. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema.

Ba zan ce maka son motar nan wauta ba ne. Mutumin da ya wuni a tsaye yana auna yadi, yana bin bashi, yana haƙuri da masu tayi, yana da haƙƙin ya ji daɗin guminsa. A garin nan akwai masu ɗaure doki saboda hawan Sallah da kilisar yamma kawai, ba wanda ya ce sun yi laifi. Amma mai doki ba ya yaudarar kansa. Ya san dawa da harawa da kuɗin ɗan barga duk daga aljihunsa za su fito, kuma bai taɓa lissafa dokin cikin jari ba. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne inda za ka ciri kuɗin, da kuma yadda dillali ya sa wa abin sha'awa rigar kasuwanci don ya yi maka sauƙin haɗiya.

Ka ce miliyan 24 har da bashi. Ka cire wanda ke hannun mutane ka ga abin da ya rage yana juyawa. Ko da a ce duka suna hannunka, miliyan bakwai ta kusa kashi ɗaya cikin uku na shagonka. Ga misali, kai kuma ka sa naka alƙaluman: idan kuɗin nan suna juyawa sau huɗu a shekara, kowane juyi kana samun ribar naira takwas a kan ɗari, to miliyan bakwai tana kawo maka naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da arba'in a shekara. Wannan ita ce asarar farko, tun kafin ka zuba lita ɗaya ta fetur. Sannan ka dubi lokacin da ka zaɓa. Kai ka fi ni sanin yadda Kwari take daga gabanin azumi zuwa Sallah, lokacin da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru suke cika layuka, mai kaya a ƙasa shi ke ciniki. Baƙon da ya zo bai samu kalar da yake nema a wajenka ba zai shiga shagon maƙwabcinka, kuma sau da yawa can zai zarce baɗi. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 mun ga yadda kuɗin dila ɗaya yake kasa sayen irinta bayan 'yan watanni. Miliyan bakwan da za ka "mayar bayan Sallah" ba lallai ta sayi kayan da za ta saya yau ba. Kuma a shekarun da na yi ina duba littafin 'yan kasuwa, kuɗin da aka cira daga uwa da niyyar mayarwa kaɗan ne suke komawa.

Maganar ƙara daraja tana da tushe, amma ba a nan ba. Gaskiya ne a Amurka da Japan wasu tsofaffin motocin gudu na Japan, irin su Toyota Supra ta shekarun 1990 da Nissan Skyline GT-R, sun yi tsada ƙwarai. Waɗanda suke tsadar su ne masu ƙarancin tafiya, da fentinsu na kamfani, da takardar kowane juyen baƙin mai a ajiye. Motar da ta shekara ashirin da wani abu, ta bi hannu uku ko huɗu a titunanmu, ba ta cikin wannan sahu. In ka ga farashinta ya hau a naira, darajar naira ce ta sauka. Ranar da ka matsu kuma za ka gane bambancinta da Corollarka. Corolla ka kai ta bakin titi da safe, kafin mako ya zagayo ta samu mai saye. Mai kujera biyu sai ta jira wani mai irin zuciyarka wanda kuma yake da kuɗi a hannu, shi ma ya san ka matsu.

Haya kuwa ina roƙonka ka cire ta daga ranka. Amarya ba ta tafiya ita kaɗai, ina za a sa ƙawaye da gwaggo? Wanda zai karɓi irin motar nan ranar biki yawanci wasan mota yake so ya yi da ita, ya murza tayoyin baya har su yi hayaƙi. Kuɗin hayar wuni guda ba zai sayi tayar baya ɗaya ba, balle kuloci. Inshorar dole da yawancinmu muke yi, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara taka motar.

Yanzu ita kanta motar. A cikin irinta, ba mugun zaɓi ka yi ba. Nissan ta fara fitar da 350Z a 2002, kuma injinta mai silinda shida, wanda ake kira VQ35DE, dangi ɗaya ne da na Infiniti G35 da FX35, har da Murano da Maxima duk da cewa a waɗannan biyun a gicciye aka ɗora shi. Ma'ana bakaniken da ya saba da FX35 ba zai tsaya yana kallon injin nan kamar baƙo ba, kuma filogi da na'urorin inji da wasu kayan ƙafa za ka iya samu a Ƙofar Ruwa, ko Panteka a Kaduna, in ta ƙi a aiko daga Ladipo a Legas. Da Mazda RX-8 ka ce mini, mai injin da ba shi da fistin irin wanda bakanikenmu suka sani, ko Porsche Boxster mai inji a bayan kujera, da tun a layin farko na ce ka gudu. Inda 350Z take cizo shi ne kayan jiki: fitilar gaba, bamba, gilashin baya, ƙofa. Waɗannan nata ne ita kaɗai. Ɗan adaidaita ya goge ka a Ƙofar Wambai, sai ka jira oda da dala.

Na taɓa raka wani ɗan kasuwa gareji ganin irin wannan mota tasa da ta wata bakwai a ƙarƙashin darbejiya. Tayoyi sun sace, ganye ya cika gindin gilashi, ɓera ya ci wayoyin cikin bonet. Abin da ya kwantar da ita tun farko bai taka kara ya karya ba. An yi odar kaya, aka kawo wanda bai dace ba, aka sake, kuɗin shago suka yi ƙasa, sai ya ce a bari sai bayan Sallah. Da ya tashi sayarwa, rabin abin da ya kashe bai dawo ba. Yana tsaye yana share ƙurar gilashin da hannun rigarsa, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Sannan akwai cin yau da kullum. Tankinta lita 76 ne, kuma a cunkoson gari tana shan kusan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, inda Corollarka take wajen takwas ko tara. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai wannan bambanci ya daina zama ƙaramin abu. Kamfanin ya ƙera ta ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuma abin da famfo ya ba mu shi muke sha. Tayoyinta na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma siraran gefe ne, rami ɗaya yana iya kumbura taya ya lanƙwasa wili. Cikinta dab da ƙasa yake. Ka tuna tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanku da kasuwa, ka kuma tuna yadda layinku yake zama a watan Agusta.

To in ka ji duk wannan zuciyarka ba ta sauka ba, ga yadda zan so ka yi. Ka bari Sallah ta wuce, ka rufe lissafi, ka fitar da zakka, ka ga ribar da ta rage tsantsa. Daga nan za a sayi motar. Kuma kada kuɗin sayen su cinye duka: a ra'ayina, in ba za ka iya ajiye kamar kashi ɗaya cikin uku na farashinta a asusu daban don gyaran shekarar farko ba, lokaci bai yi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Roba ba ta san ƙarancin tafiya ba, shekaru take lissafawa: tiyon lagireto, bushin, mazaunin inji, gasket ɗin saman inji da kan bar baƙin mai ya gangara ramin filogi, duk za su nemi canji ko da injin lafiyarsa ƙalau. Kada kuma ka sayar da Corolla.

Ranar dubawa kada ka yi cinikin biri a sama, kuma kada ka je da bakaniken dillali. Ka ɗauki naka ka biya shi kuɗin wuninsa, har da mai na'urar duba kwamfutar mota. Ku je da sassafe ba tare da an san sa'ar zuwanku ba. Ka fara ɗora tafin hannunka a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita don ta ɓoye ƙarar da take yi da sanyi, sai ku dawo gobe. In da sanyinta, wani ya tayar kai kana tsaye a bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuma ruwa ne yake shiga inji. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga abu kamar madarar da aka dama da ƙasa ka yi sallama. Ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ka sa hanci, ka dubi ƙarfen da kujera take gudu a kai. Tsatsa da busasshen laka a wurin alamar motar ambaliya ce, irin waɗanda ake saya a gwanjon Amurka a wanke a turo mana. Ka sa a duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, domin galibi hakan yana nufin ta taɓa yin zafi aka rufe matsalar. In mai giyar hannu ce, ka saurari ko tana gurzawa wajen shiga giya idan an taka wuta, ciwo ne da aka san na farkon fitowa da shi. A jikin taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya a motar da take gudu irin wannan ba abin wasa da rai ba ne.

Takardu su ne inda mutane suka fi ƙonewa. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce. Ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda dole su zama ɗaya, kuma in 'yar Amurka ce, ta goma a jerin ita ke nuna shekara, ta 2004 za ka ga 4. Da wannan lamba ana iya sayen tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, a ga ko ta yi hatsari ko ta sha ruwa. Ka kai takardar kwastam ofishinsu a tabbatar da ita kafin ka biya, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 an samu masu yawa da suka bi ta bayan gida da takardun bogi, kuma a hanyar Kaduna ko Abuja wanda aka kama da mota shi ke amsa tambaya. Ka duba kuma ko asalin sitiyarinta a dama yake aka mayar hagu. Waɗanda aka yi don Japan, masu suna Fairlady Z, da na Ingila haka suke, kuma juyen sitiyari a motar gudu ba na yarda da shi ko kyauta. A rubuta yarjejeniya da shaidu da hoton katin mai motar, kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda, la'adar dillali daban.

In ta zama taka, bakanike ɗaya za ka riƙe mata. Baƙin mai mai lamba 5W-30 na gaske, wajen lita biyar take ci, kuma ka riƙa zaro sandar awo duk mako don tsofaffin injinan nan suna rage mai tsakanin juye da juye. Ruwan lagireto na kanti za ka zuba, ba na rijiya ba. Ka tayar da ita ka zaga ko sau ɗaya a mako, ajiya tana kashe ta kamar yadda wahala take yi. Ka buɗe mata littafinta daban, duk abin da ta ci ka rubuta, kuma ko ficika kada ta fito daga aljihun tebur ɗin shago.

Abin da zan so ka gaya wa dillalin yanzu shi ne sai bayan Sallah. Zai ce akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, ka ce Allah ya sa rabonsa ce. Idan ka rufe lissafin shekara ka turo mini abin da ya rage bayan zakka da bashin da ake bin ka, tare da lambar shasin duk wadda ka gani a lokacin, mu zauna mu duba tare.