Kafin a biya kuɗin rajista, a zauna a taron ƙungiyar taimakon juna sau uku

Tambaya: Wata takwas ke nan ina fama da fargaba. Gabana na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙaurace mini. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce in nemi masu irin matsalata mu riƙa tattaunawa. Na samu ƙungiyoyi biyu. Ɗaya kyauta ce, masu fama da ciwon ne ke tafiyar da ita. Ɗayar a intanet take, ana biyan kuɗin wata shida gaba ɗaya, sun ce cikin kwana 30 zan warke. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Fara da ta kyautar. Ba na cewa duk mai karɓar kuɗi macuci ne, domin akwai zaman rukuni da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ke jagoranta, kuma haƙƙinsa ne a biya shi. Alkawarin kwana 30 ɗin ne ya tsaya mini a rai. Fargaba ba ta tafiya da ranar da aka yanka mata, kuma wanda ya yi imani da alkawarinsa ba zai nemi kuɗin wata shida tun kafin ki ga fuskarsa ba.

Tsofaffin ƙungiyoyin taimakon juna ba da kuɗin shiga suka ginu ba. Emotions Anonymous, ƙungiyar masu fama da damuwar zuciya, wadda aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 1971 bisa matakai 12 na ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, gudummawar ganin dama take karɓa, kuma sunan farko kawai ake kiran mutum da shi don a rufa masa asiri. Wata ƙungiyar mai suna GROW ta fara a birnin Sidni na Ostireliya a 1957, a hannun mutanen da su kansu suka taɓa kwanciya ciwon ƙwaƙwalwa.

Sai dai kyauta ma ba shaidar inganci ba ce. Je ki zauna sau uku, ki buɗe kunne. Shin ana faɗa tun farko cewa abin da aka tattauna ba ya fita waje? Mutum ɗaya ne ke cinye lokacin, ko kowa na samun rabonsa? An bar ki ki yi shiru in ba ki shirya magana ba? Sannan ki lura da yadda kike fitowa. Akwai taron da ake zuwa a juye wa juna baƙin ciki kawai, kowa ya koma da kaya fiye da wanda ya zo da shi. Mai amfani shi ne wanda za ki fito da abu ɗaya da za ki gwada kafin mako ya zagayo.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne magani. Duk wanda ya ce ki ajiye maganinki domin shi ya ajiye nasa ya samu lafiya, kada ki saurare shi. Irin waɗannan magunguna kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma yanke su farat ɗaya na iya jawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Wannan magana ce tsakaninki da likitanki.

Tambaya: Ni magidanci ne mai saurin fushi. Ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, amma tsawata ta sa yarana na ɓuya idan na shigo. Ina jin kunyar zama cikin mutane in faɗi haka. Ba gara in sayi littafi in karanta ni kaɗai ba?

Amsa: Malam, ganin yaran nan da ka yi har ya dame ka, shi ya sa nake da kyakkyawan zato a kanka. Littafi zai ba ka ilimi, amma fushi a tsakanin mutane yake tashi, a tsakaninsu kuma ake koyon danne shi.

Nemi ƙungiya mai tsari irin na Recovery International, wadda likitan ƙwaƙwalwa Abraham Low ya kafa a Chikago a 1937. Shi ya kasa zafin rai gida biyu: wanda ke yanke hukuncin cewa wani ne ya yi laifi, sai ya zama fushi, da wanda ke yanke hukuncin cewa kai ne mai laifi, sai ya zama tsoro da kunya. A zamansu ba a tona tarihin rayuwa. Ƙaramin abu ɗaya mutum ke kawowa, kamar yaro ya zubar da ruwa a kan takardunsa. Ya faɗi abin da ya faru, da abin da ya ji a jikinsa, da yadda ya kama kansa, da yadda da zai yi a da. Sai ya yaba wa kansa kan ƙoƙarin, ko da bai yi nasara duka ba. Ga mai jin kunya irinka wannan ya fi sauƙi, domin minti kaɗan ne, kuma ba a ce ka buɗe cikinka duka ba. In har wata rana hannu ya kai ga jikin wani, to lamarin ya wuce ƙungiya, ƙwararre za ka gani ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Ɗana ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, yana cewa rayuwa ba ta da amfani. In kai shi irin wannan taro?

Amsa: Uwa, asibiti tukuna, yau ɗin nan in da hali. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. In likita ya duba shi ya fara samun sauƙi, sai ku tambayi likitan wace ƙungiya ce ta dace da shi, ke ma ki nemi ta iyaye masu jinya.