Tambaya da Amsa: Sai Mun Ɗauki Lauya Kafin a Sake Duba Kuɗin Raunin Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu tsohon kofur ne a rundunar sojan ƙasa. Ɓaraguzan bam sun same shi a ƙugu lokacin da yake bakin daga a Arewa maso Gabas, kuma tun daga ranar kunnensa na hagu ya toshe. Bayan an sallame shi fanshonsa yana shigowa, amma da ya nemi kuɗin rauni sai aka aiko da wasiƙa cewa nakasar ba ta kai matsayin da ya nema ba, kuma babu tabbacin cewa aikin soja ne ya jawo rashin jin. Yanzu Baba ba ya iya sunkuyawa ya riƙe fartanya, ko sallah a zaune yake yi. Wani mutum da muke haɗuwa da shi ranar kasuwa ya ce yana da lauya a Abuja, mu kawo naira dubu 300 na buɗe fayil, in an yi nasara kuma a ba su kashi 20 cikin 100, wai haka ake yi ko a Amurka. Yayana ya ce a sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa. Mu ɗauki lauyan ne, ko da wata hanya?

Ɗan tsohon soja, daga wani ƙauye a yankin Ringim, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa da alheri. Ku bar san nan a turkensa tukuna, domin damina na tafe, kuma aikin da ke gabanku a wannan makon kuɗin mota da na hoton takardu kawai zai ci.

Bari mu fara da zancen Amurka, tunda da shi aka ja hankalinku. Gaskiya ne a can lauyoyin tsofaffin sojoji sukan karɓi kashi 20 cikin 100 na ariyas ɗin da aka ciwo, kuma ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ce take cirewa ta biya lauyan kai tsaye. Abin da mutumin kasuwar bai gaya muku ba shi ne, dokar can ta hana lauya karɓar ko sisi kafin ma'aikatar ta yanke hukuncin farko, kuma ba kowane lauya ne ke shiga irin wannan shari'a ba, sai wanda ma'aikatar ta tantance. Tsananin ya samo asali ne tun 1864, lokacin yaƙin basasarsu, sa'ad da aka ƙayyade ladan mai taimaka wa soja neman fansho a dala 10 kacal saboda 'yan kamasho sun yi yawa, kuma wannan iyaka ba ta kau ba sai 1988, shekarar da aka kafa kotu ta musamman don ƙararrakin tsofaffin sojoji. A can mutum yana da shekara guda ya ƙalubalanci hukuncin ma'aikata, da kwana 120 ya garzaya waccan kotu idan kwamitin ɗaukaka ƙara ya ƙi shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke aiki a kan fayil ɗin Baba. Wanda ya ari kashi 20 daga Amurka ya bar musu sharaɗin rashin karɓar kafin alƙalami, ya ɗebi ɓangaren da ya yi masa daɗi ne kawai.

A nan gida fanshon soja yana da tasa dokar, kuma tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da ma'aikatan tarayya ke ciki. Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja ita ce mai biya, amma tana biya ne bisa abin da rundunar mutum ta rubuta a kansa. Matsayin nakasa kuwa kwamitin likitocin soja ne ke auna shi, kuma tambayoyi biyu ne ake amsawa: ko aikin soja ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi, da kuma yawan ƙarfin neman abinci da mutum ya rasa. Wasiƙar da kuka samu ta taɓa duka biyun, don haka dole martaninku ya amsa duka biyun, kuma da takarda ake amsa su. Lauya komai iya maganarsa ba zai ƙago rahoton asibitin da babu shi ba.

Ku buɗe akwatin ƙarfen Baba. Na sha ganin irin ledar nan da tsofaffin sojoji ke naɗe takardunsu a ciki, an ɗaure da kyauron roba, gefen wasu gara ta fara taɓawa. Ku nemo takardar sallama mai ɗauke da lambarsa ta soja, da katunan duk asibitin barikin da aka kwantar da shi, da hoton ƙashi idan yana nan, da duk wata takarda da ta nuna bataliyar da yake da ranar da abin ya faru. Idan an yi binciken cikin gida a kan harin, a rubuta a nemi kwafin rahoton. Batun kunne shi ne mai wuya, domin soja da ake ɗinke wa ƙugu ba ya tuna ya ce a rubuta cewa kunnensa na ƙugi, sai bayan shekaru a ce tsufa ne. Saboda haka a kai Baba asibitin gwamnati mai sashen kunne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Kunne na Ƙasa da ke Kaduna, a yi masa gwajin ji, a roƙi likita ya rubuta ko irin wannan kurumta ta yi daidai da wadda ƙarar fashewa ke haifarwa. Abokin aikin da ke tare da shi a ranar yana iya yin rantsuwa a rubuce a kotu. Kada asalin kowace takarda ya bar hannunku. Kwafi ake bayarwa.

Abin da zai iya kayar da ku tun kafin a saurare ku shi ne lokaci. Dokar Sojoji ta tanadi cewa wanda yake ganin an tauye shi ya fara kai koke ta cikin gida, daga kwamanda zuwa sama, kuma kotuna sun sha korar ƙarar da ta tsallake wannan mataki. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku na shigar da ƙara, wadda lauyoyin gwamnati ke yawan kafa hujja da ita, ko da yake kotuna sun yi saɓani a kan ko ta shafi haƙƙin aiki da fansho. Ku duba kwanan watan da ke kan wasiƙar yau ɗin nan. A rubuta koken neman sake zaman kwamitin likitoci, a haɗa da sababbin hujjoji, a kai, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Ofishin 'yan mazan jiya na jiharku ya saba da irin wannan rubutu, kuma can ne za ku ji yadda wasu suka bi.

Lauya yana da ranarsa, kuma a ganina ranar ita ce idan an ƙi koken, ko an yi shiru, ko wa'adin ya kusa cika. Sashe na 254C na tsarin mulki, wanda gyaran 2010 ya kawo, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'ar fansho da giratuti, kuma kotun tana zama a Kano, don haka maganar sai lauyan Abuja ba ta taso ba. Ku je ofishin lauyan da ƙafarku tare da Baba. Kowane lauya na gaskiya yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa, kuma reshen ƙungiyar na Kano ko Dutse zai tabbatar muku da shi. Ku tambaye shi ko ya taɓa yin shari'ar soja a wannan kotu. Ƙa'idojin aikin lauya sun yarda a yi yarjejeniyar biya daga abin da aka ciwo a shari'ar da ba ta laifi ba, amma a rubuta ta, a fayyace cewa kason daga ariyas ne kaɗai, ba daga fanshon da Baba zai ci gaba da karɓa ba, a kuma ware kuɗin kotu da na mota daban, da rasit. Katin banki da lambar sirri ba sa cikin abin da lauya ke buƙata. Idan hali bai kai ba, Hukumar Tallafin Shari'a, wadda aka fi sani da Legal Aid, tana da ofis a jihohi, kuma ma'auninta shi ne mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira dubu 70 a 2024. Ku je da takardar banki ta fanshon Baba su duba ko za su karɓa.

TAMBAYA: Mijina ma tsohon soja ne mai irin wannan matsala. Za mu iya kai ta gaban alƙalin garinmu, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a?

Wata uwa, daga yankin Ɗambatta, Kano.

AMSA: Hajiya, kotun shari'a ta gari ba ta da hurumi a kan fanshon rundunar tarayya. Ita kuma hukumar koke-koke, dokar da ta kafa ta a 1975 ta hana ta binciken abin da aka zartar wa soja a ƙarƙashin Dokar Sojoji. Maigida ya bi hanyar da na faɗa a sama, ya fara da duba kwanan watan da ke kan wasiƙarsa.