Ceri bab a akwati ɗaya da gupi

Tambaya: Maigida, wani kwastoma yana so in zuba masa ceri bab a akwatin gilashin da yake kiwon gupi, dukansu ƙananan kifayen ado ne. Na ji an ce duk kifi dangin bab mai cizon wutsiyar sauran kifaye ne. In hana shi?

Amsa: Kada ka hana shi, Bello. Mai cizon shi ne taiga bab, mai ratsin baƙi. Ceri bab ɗan asalin Siri Lanka ne, ba ya wuce santimita 5, matsoraci ne ma. Zuba shida zuwa takwas, kowane namiji da mata biyu. Namijin ja ne wur, macen ruwan ƙasa da layi mai duhu a gefe. In maza suka yi yawa, sai su tasa mace ɗaya gaba har ta daina cin abinci. Akwatin ya ci lita 75 ko fiye, da ciyawar ruwa ta ɓuya. Tarwaɗa kuwa ko 'yar ƙarama ce kada ta shiga, tana girma za ta haɗiye su.

Abin da zai kashe masa kifi a Sakkwato zafi ne. Ruwan da suke so digiri 23 zuwa 27 ne, mu kuma a Afrilu da Mayu gari yana haura 40. Ruwa na ɗumi iskar shaƙa na raguwa a cikinsa, sai ka ga kifin sun taso sama suna haki. Ka nisanta akwatin daga taga, ka cire murfin ka ɗaura ragar sauro don kada su yi tsalle, sannan ka juyo fanka tana kaɗa saman ruwan. Ya sayi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. Wannan ba na neman ragi ba ne. Kada ka bari ya juye ƙanƙara ciki. Gorar ruwa daskararriya, a rufe, ita za ta yi iyo a sama, kana duba ma'aunin zafi. Da hunturu kuma hita mai ɗumama ruwa, a kan digiri 25. Hawa da saukar zafi ke raunana su har cutar farin ɗigo kamar gishiri ta feso musu a jiki.

Duk mako a kwashe kwata na ruwan a zuba sabo. Cikon abin da fanka ta busar ba canji ba ne, dattin yana nan. Ruwan famfo ya kwana a buɗe, ko a ɗiga maganin da ke kawar da kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Soson filta, wato matatar ruwan akwatin, a wanke shi cikin ruwan da aka kwashe, don na famfo yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye gubar kashin kifi. Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu.