Tambaya da Amsa: Koyon Ilimin Falaki da Wayar Hannu

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne ga sararin samaniya. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Na sauke wata manhaja mai nuna taurari, amma in na ɗaga wayar sama, abin da take nunawa daban, abin da nake gani daban. Wacce ce ta ƙwarai? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa manhajarka lafiyarta ƙalau, saiti ne bai zauna ba. Mu dai Stellarium muke ba mai farawa shawara. Kyauta ce, akwai ta kwamfuta wadda ba ta buƙatar data bayan an sauke ta, akwai ta waya, akwai kuma wadda ake buɗewa kai tsaye a stellarium-web.org.

Abu na farko shi ne wuri. Sararin Zariya ba shi ne na Landan ba, don haka ka buɗe wa manhajar GPS, ko ka rubuta sunan garinku da hannu. Ga gwaji mai sauƙi: tauraron arewa, wanda manhajar ke kira Polaris, tsayinsa daga gindin sama daidai yake da nisan garinku a digiri daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A Zariya wajen digiri 11 ne, a Kano 12. Dunƙulallen hannu in ka miƙe shi sosai yana rufe kusan digiri 10 na sama, ke nan tauraron bai fi dunƙule ɗaya da ɗan ƙari ba. In manhajar ta ɗaga shi can sama, to wani gari take nuna maka.

Sai agogo. Najeriya da Nijar suna gaba da agogon GMT da awa ɗaya, kuma sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Kuskuren awa guda ya isa ya kawar da komai daga mazauninsa.

Na uku shi ya fi damun mutane, wato kamfas ɗin wayar. Ƙarfe yana ruɗa shi: rufin kwano, janareta, babur, har maganaɗisun da ke jikin rigar waya. Ka fita fili, ka cire rigar, ka jujjuya wayar a iska kamar kana zana lamba 8, sannan ka auna ta da farin wata, ka ga ko inda take nuna shi nan yake. Wasu wayoyi masu araha ba su da kamfas ɗin sam. In taka haka take, kashe wannan tsarin, ka gane gabas da yamma da kanka, ka ja taswirar da yatsa.

Ka kunna jan haske na manhajar, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin hasken waya kuwa nan take yake rushe wannan sabon. Ka fara da abin da ka sani. Zara da Gamzaki duk abu guda ne, duniyar da manhajar ke kira Venus. Ba ta yin nisa da rana fiye da digiri 47, shi ya sa ba a ganinta da tsakar dare. Kaza da 'ya'yanta kuwa ka neme su da sunan Pleiades, suna sama sosai da daddare a Disamba da Janairu. A Stellarium ta kwamfuta ana iya sauya zanen taurarin zuwa na Larabawa, a ga manzilolin wata 28 da malaman zaure ke lissafin damina da su.

Tambaya: Shin akwai shafin da zai gaya mana ko za a ga jinjirin wata ran 29? Kuma me ya sa wani lokaci yake fitowa babba, mutane su ce ɗan kwana biyu ne? (Malamin Islamiyya daga Gusau)

Amsa: Allah ya gafarta Malam, akwai. Cibiyar Falaki ta Ƙasa da Ƙasa da ke Abu Dhabi tana fitar da taswira duk wata, da launuka masu nuna inda za a iya gani da ido, inda sai da madubin hangen nesa, da inda ba zai yiwu ba. Shafin timeanddate.com kuma yana ba da lokacin faɗuwar rana da ta wata na kowane gari.

Lambobi uku ake dubawa a daidai faɗuwar rana. Akwai shekarun watan, wato awa nawa ke nan da ya haɗu da rana ya wuce ta. Mafi ƙanƙanta da aka tabbatar an gani da ido bai gaza awa 15 ba. Akwai tazararsa da rana, wadda in ta kasa digiri 7 ba a ganin komai. Sai jinkirin faɗuwarsa bayan rana: in minti 20 ne kacal, hasken almuru zai haɗiye shi, in ya kai 40 zuwa sama akwai fata. In kuwa lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa, to babu abin nema a yammacin nan. Malam zai iya ganin waɗannan lambobi a Stellarium, ya kai agogon manhajar lokacin magariba ya taɓa watan.

Batun girma kuma, a ce ranar 29 watan yana da awa 12, bai ganu ba. Washegari yana da awa 36, ya ƙara nisa da rana da wajen digiri 12, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe a sama. Ganin farko ne duk da haka. Abin da ke yawan ruɗar masu duba shi ne Zara a cikin hazo, da guntun hayaƙin jirgin sama da rana ta haska. Jinjirin gaske gefensa mai haske yana fuskantar inda rana ta faɗi, a ƙasashenmu yakan kwanta kamar ƙwarya.

Wannan duk taimako ne ga mai duba, ya san inda zai kalla. Sanar da tsayuwar wata a Najeriya na fadar Sarkin Musulmi ne.

Tambaya: Bayan magariba mun ga wani haske yana ratsa sama ba ƙara, sai ya ɓace a tsakiya. Yara sun tambaye ni na rasa amsa. (Malamar firamare daga Maraɗi)

Amsa: Malama, alamu sun nuna Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa kuka gani. Tana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 400, zagaye ɗaya cikin minti 90 da ɗoriya. Ba fitila gare ta ba, hasken rana ne ke dukanta bayan ku duhu ya rufe ku, ɓacewarta kuma shiga inuwar duniya ne. Jirgin sama yana ƙyafta fitila, ita ba ta yi.

Ki shiga heavens-above.com, ki fara da sa sunan Maraɗi, don in ba ki sa ba jadawalin wani wuri a tsakiyar teku zai ba ki. Ki zaɓi ISS, gajeren sunan tashar da Turanci. A jadawalin, ki nemi ranar da tsayinta ya haura digiri 40, lambar haskenta kuma ta kai -2 ko -3. A wannan ma'aunin, ƙaramar lamba ita ce mai haske. Ki fito da yara minti biyar kafin lokaci, domin wucewar ba ta fi 'yan mintuna ba. In kuma jerin ɗigo-ɗigo kuka gani a layi ɗaya, taurarin ɗan'adam na Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba.

Tambaya: Ina son karatun nan daga tushe, ba guntayen bidiyo ba, amma data tana yi mini tsada. (Mai karatu daga Azare)

Amsa: Sauke littafin falaki na OpenStax, na Jami'ar Rice ta Amurka. Kyauta ne, sau ɗaya za ka sauke ka yi ta karantawa ba intanet. Da Turanci yake, amma lissafinsa bai wuce na sakandare ba. Darussan Khan Academy na falaki za su cike maka gurbin abin da ya shige duhu. Shafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai fitar da hoto ɗaya kullum tare da bayanin masani, APOD, yana aiki tun 1995 kuma ba ya cin data sosai. Akasin haka NASA Eyes, mai nuna inda kumbuna suke: yana da daɗin kallo amma yana shan data, ka bar shi sai ka sami wayifai.

In ƙafarka ta kafu, ka leƙa Zooniverse, inda masu sa kai ke tantance hotunan da na'urori suka ɗauko. A 2007 wata malamar makaranta 'yar Holand, Hanny van Arkel, ta gano wani baƙon gajimaren iska a irin wannan aiki mai suna Galaxy Zoo, har yau da sunanta ake kiransa. Mai son ya mai da abin sana'a sai ya riƙe lissafi da fiziks, ya kuma riƙa bibiyar hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da cibiyarta ta Nsukka.

Tambaya: An turo mana a WhatsApp cewa NASA ta ce duniya za ta yi duhu na kwana uku. Gaskiya ne? (Uwargida daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, ƙarya ce, kuma tsohuwa, kwanan wata kawai ake sauya mata. 'Yar'uwarta ita ce mai cewa duniyar Mars za ta yi girman wata, wadda ta samo asali daga Agustan 2003, lokacin da Mars ta matso kusan kilomita miliyan 56. Ko a ranar ɗigo ce ja. Duk saƙon da ya ambaci NASA, ki duba nasa.gov, in babu shi a can, kada ki tura wa kowa.

Duhun rana na gaske husufi ne, cikarsa ba ta kai minti takwas, kuma an san ranakunsa shekaru da dama kafin su zo. Na 29 ga Maris 2006 ya ratsa Ghana, Togo, Benin, Najeriya da Nijar. Na 2 ga Agusta 2027 zai cika a Luksor ta Masar da Jidda da Makka, a arewacin Najeriya da Nijar kuwa wani ɓangaren rana ne zai rufe. Na 20 ga Maris 2034 zai bi ta kudancin Najeriya, Kamaru da Chadi. Ki sa sunan garinku a sashen husufi na timeanddate.com, zai ba ki minti na farawa da na ƙarewa.

Kada a kalli rana da baƙin tabarau, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, ko takardar hoton ƙashi ta asibiti, ko a cikin ruwan bahon wanka. Duk suna barin hasken da ke ƙona bayan ido, kuma ƙunar ba ta zafi, sai daga baya mutum ya ga tabo a ganinsa. Tabarau na husufi yana ɗauke da lambar ISO 12312-2, wanda ya karce ko ya huje a jefar. In babu, a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya bi ta hujin ya sauka kan farar takarda mai nisan kamu biyu, a nan za a ga yadda wata ke cin gefen rana.