Abin da ya sa ba ma zuba ta a cike

Ka ce, "Maigida, tunda ga tagulla, me zai hana mu zuba mutum-mutumin 'yar Fulanin nan a cike, mu huta da gina mata ciki na yumɓu?" To ɗana, saki zuga-zugin ka zo nan.

Tsada da nauyi ka san su, ba sai na faɗa ba. Babbar matsalar a wajen hucewa take. Tagulla in tana sanyi tsukewa take yi. Dubi matar nan: wuyan hannunta bai fi karan dawa ba, ga ƙugu, ga ɗaurin zane, ga ƙwaryar nono a ka. Siririn wuri zai daskare nan take, mai kauri kuwa cikinsa na nan ruwa-ruwa, yana ja. Sai ka fasa yumɓu ka tarar da rami a ƙugu ko tsaga a wuya. Ina yaron shago na yi haka, kumatun ya loɓa kamar tsohuwa ta zubar da haƙora, aikin sati uku ya koma tukunya.

Shi ya sa muke fara gina ciki da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, ya bushe sarai, sannan a lulluɓe shi da kakin zuma, kaurinsa ɗaya tun daga goshi har diddige, kamar milimita 4. Duk abin da ka zana a kakin, kitso ne ko tsagar fuska, shi zai fito. Daga nan a rufe kakin da wani yumɓu ta waje, a narkar da shi ya fita, tagulla ta cike gurbinsa. Kada ka manta da ƙusoshin da ke riƙe cikin, don in kaki ya narke ya fita, ba abin da zai hana shi karkacewa. Hanyar iska kuma a bar ta a yatsu da haɓa.

Haɗinmu jan ƙarfe kashi 9, kuza kashi 1, irin kuzar da ake haƙowa a Jos. Tsofaffin famfo da ake kawo mana daga kasuwar Muda Lawal akwai tutiya a ciki, launinsu daban, kada ka gauraya. Kan Sarauniya Idia ta Benin, irin wanda Turawan Ingila suka kwashe a 1897, da wannan hanya ta kaki aka zuba shi, kuma cikinsa rami ne.

Mai otal ɗin Abuja da ya ba mu aikin nan Alhamis zai aiko. Je ka taɓa cikin nan, in da sauran danshi mayar da shi rana.